Jawabi a kan laima, ƙurar ɗaki da ciwon huka

Jawabin yau ya shafi ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati waɗanda sana'a ke kai wa bakin teku: Kwatano, Abijan, ko Lome inda da yawa suka karkata bayan rufe iyakar Benin a 2023. Mutum ya bar Maraɗi lafiya lau, ya yi wata biyu yana jiran kayansa a tashar jirgin ruwa, sai atishawa ta kama shi kullum da asuba, hanci ya toshe, dare ya yi ƙirji na shaƙewa. Ɗan da ya tafi da shi ya shiga tari. Sai a ce iskar teku ce. Sau da yawa abin yana cikin katifa.

Bahaushe ya san ƙurar hunturu, wadda ake gani da ido, ana kakkaɓe ta. Ƙurar ƙasa mai laima daban take, don kuwa tana da rai. A cikinta akwai wani ƙwaro ɗan uwan kaska, wanda tsawonsa bai wuce sulusin milimita ba, ido ba ya ganinsa sai da madubin bincike. Masana na ƙasar Holan ne suka bayyana a 1964 cewa shi ne tushen borin jinin da ƙurar ɗaki ke haddasawa. Ba ya cizo kamar kuɗin cizo. Abincinsa ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum, kuma kashinsa ne, in an shaƙa, ke tayar da atishawa da ƙaiƙayin ido da huka ga wanda jininsa bai yarda da shi ba.

Wannan ƙwaro ba ya shan ruwa, daga iska yake tsotsar laima. In laimar iska ta daɗe ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, sai ya bushe ya mutu. In ta kai kashi 70 zuwa 80, sai ya yi ta hayayyafa. Shi ya sa bazarar Tawa ba ta yi masa daɗi, amma Kwatano, inda ruwan shekara ya ninka na Yamai sau biyu, kusan kullum damana ce a wurinsa. A nan gida ma yana samun rabonsa a watannin Yuli da Agusta, musamman wajen Gaya, cikin ɗakin siminti mai rufaffiyar taga.

Shara irin ta gado ba ta da tasiri a kansa. Tsintsiya a busasshen daɓe tayar da ƙurar take yi, ta yi yawo ta sauka bisa gado. Abin da ya dace shi ne goge ƙasa da kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, a buɗe taga don wurin ya bushe da wuri, mai huka kuma ya fita sai an gama. Zanen gado da rigar matashi a wanke su kowane mako. Ruwan sanyi da sabulu na fitar da mafi yawan kashin, amma kashe ƙwaron sai ruwan zafi da ya kai digiri 60.

A nan ne talaka ya fi mai hali. Tabarmarsa ana naɗe ta da safe, a shanya ta a rana, kuma awoyi kaɗan na rana mai zafi sun isa su kashe ƙwaron da ke cikin darduma. Babban ma'aikaci kuwa, da an ƙara masa girma, sai ya manne kafet daga bango zuwa bango, ya rataya labule mai kauri, ya jera kujerun soso don baƙi su san an ci gaba. Bai san gida ya gina wa ƙwaro ba, kuma kafet ɗin da aka manne ba ya fita rana har ya tsufa. Daɓen siminti ko tayil ya fi shi nesa ba kusa ba a ɗakin kwanan mai huka. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage laima, in akwai wuta, amma sai an riƙa wanke matatarta.

Saura hunhuna da kyankyaso. Baƙin tabon da ke fitowa a bango ko bayan ma'ajiyar tufafi hunhuna ce. A goge ta da ruwan jabel da aka sirka, ba tare da gauraya shi da wani maganin wanki ba, sa'an nan a gyara yoyon da ya kawo ta, in ba haka ba za ta dawo. Kyankyaso kuma ragowar abinci da kwanukan da suka kwana ke kiransa. Masu dilar gwanjo su lura: tufafin da suka yi watanni a ɗaure sai an wanke an shanya kafin su shiga ɗakin yara. Hayaƙin maganin sauro da turaren wuta suna ƙara tsananta tari, gidan sauro ya fi.

Tsabta dai ba ta maye gurbin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da huka, ta kuma kashe 455,000. Bincike ya nuna dabara guda ita kaɗai, kamar saya wa katifa riga, ba ta cika kawo sauƙi ba sai an haɗa da sauran. Duk wanda aka rubuta wa maganin shaƙa, irin su Ventoline, ya sa shi cikin aljihu kafin ya hau mota, kada ya bar shi cikin akwatin da aka ɗaure bisa rufi.