Yaushe Sulusi Zai Ƙare?



Wata rana ina raba ɗaya gida uku a kan allo, ina ta jera 0.333, sai wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, yaushe zai ƙare?" Na ce ta rubuta 0.33 ta zauna. Na cuce ta, domin tambayarta ƙofa ce ta wani babban fage na lissafi.

Kowace lamba gini ce da tubala: ɗaruruwa, gomomi, ɗaiɗai, sannan kashi ɗaya bisa goma, bisa ɗari, haka har gaba. Sulusi tubala marasa iyaka yake bukata. Duk ukun da ka ƙara, giɓin da ya rage yakan koma kashi ɗaya bisa goma na yadda yake, amma duk inda ka tsaya akwai saura.

A shekarar 1807 wani Bafaranshe, Joseph Fourier, mai nazarin yadda zafi ke ratsa ƙarfe, ya kai wa masanan Paris irin wannan magana. Ya ce zanen layi mai maimaita kansa, ko da mai kusurwa ne, ana iya gina shi ta hanyar tara igiyoyi masu santsi, masu hawa da sauka, kowace da gwargwadonta. Lambobi uku sun isa a nuna wuri a cikin ɗaki, wato tsawo da faɗi da bisa. Shi kuwa zane, awonsa ba ya ƙirguwa. Lagrange, wanda ya taɓa koyar da shi, bai gamsu ba, littafin kuma bai fito ba sai 1822.

Dattijon yana da hujja. Inda layi ya yi tsalle farat ɗaya, jimlar igiyoyin takan zarce da kusan kashi 9 cikin 100 na tsallen. Ƙara igiyoyi yana matse zarcewar, ba ya kawar da ita.

Hoton JPEG da ke wayarku jikan wannan dabara ne. Ana yanka shi murabba'i-murabba'i, ɗigo 8 sau 8, a auna kowane da tubala 64, a zubar da marasa nauyi. Ido bai cika lura ba.

Roƙona ɗaya ne: mu daina sa alamar daidai tsakanin sulusi da 0.33. Mu koya wa yara alamar kusan, mu nuna musu girman saurar. Ni dai washegari na kira yarinyar gaban allo, muka ci gaba da rabawa har alli ya ƙare.