Ciwon tumbi mai daɗewa: takardar likita ba ta zubarwa ba ce

Maza da mata na makarantar yaƙi da jahilci, yau zancenmu a kan tumbi ne, wato jakar da abinci ke sauka cikinta in mun haɗiye.

A cikin tumbi akwai wata fata mai laushi. Ita ke fidda ruwa mai tsami da ke narkar da tuwo da nama. Wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani tana iya zama cikin fatar nan. Sunanta Helikobakta. Likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Bari Marshal da Robin Waren, suka gano ta a shekarar 1982. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita. Yawanci tun yarinta ake kamuwa, ta miyau ko ta ruwa marar tsabta.

In ta daɗe, fatar tumbi sai ta kumbura. Ga wasu mutane, bayan shekaru da yawa, fatar tana cinyewa har ta zama siririya. Ku manoma kun san gonar da iska da ruwa suka kwashe ƙasarta. Ba rana ɗaya take lalacewa ba. Haka abin yake.

Ga inda wahalar take: zafin ciki ba ya nuna girman ɓarna. Wani yana kuka da ciki kullum, fatarshi lahiya lau. Wani ba ya jin komi, tashi kuwa ta cinye. Kanwa tana kwantar da ƙwarnafi, amma ba ta kashe ƙwayar cutar. Aspirin da ibuprofen da ake saye wurin ƴan tebur kuwa ƙara ɓata tumbi suke yi.

To, ta yaya likita ke ganewa? A manyan asibitoci kamar na Yamai akwai wani siririn tiyo mai hitila a bakinshi. Ana kiran aikin fibroskopi. Mutum zai zo da safe bai ci komi ba. A zura tiyon ta baki har cikin tumbi. Ba shi da daɗi, amma ƴan mintoci ne. Likita zai tsinko ɗan nama kamar ƙwayar hatsi daga wuri 5 dabam dabam, a duba da madubin likita.

Daga nan sai a ba ciwon mataki, daga 0 zuwa 4. Mataki na 0, fata ba ta cinye ba. Na 1 da na 2, ɓarnar kaɗan ce. Na 3 da na 4, ɓarnar ta yi yawa ko ta bazu. Masu wannan mataki su ne aka hi tsoron ciwon daji ya kama tumbinsu. Kada hankalinku ya tashi, yawancinsu ba su kamuwa. Amma ana so su koma a sake dubawa kowace shekara 3, don abin da aka gani da wuri yana warkewa. In uba, uwa ko ɗan'uwa ya taɓa yin ciwon dajin tumbi, a gaya wa likita. Zai matso da lokacin.

Ƙwayar cutar tana da magani. Ana haɗa ƙwayoyi iri uku ko huɗu, a sha kwana 10 zuwa 14. Wanda ya bari a kwana na biyar don ya ji sauƙi, ya yi asarar kuɗinshi. Bayan sati 4 da gamawa, a sake gwaji a ga ko ta mutu.

Akwai wani irin kuma da jiki da kanshi ke ɓata fatar. Shi yana kawo ƙarancin jini da mutuwar jiki. Allurar bitamin B12 ake yi ma mai shi.

Wanda ya ga baƙin bayan gida kamar gawayi, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya mishi a ƙirji, ya tahi asibiti ba jira.

Takardar da likita ya rubuta matakin ciwonku, ku aje ta tare da takardun haihuwa. Yanzu kun iya karatu. Ku duba lambar, ku duba shekarar komawa, ku rubuta ta da hannunku a bangon littahinku. Malaminku zai taimaka ma wanda bai gane ba.