Sikeli ba ya auna zuciyar yaro



Tun yunwar 2005, likitocin yara na Maraɗi suka ƙware wajen yaƙi da tamowa da masassarar cizon sauro. A 2006 gwamnati ta ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma a ɗakin awo, nauyi da kaurin dantse ake dubawa, ba kasafai ake tambayar barci ko firgita ba. Likitan da layi ya yi wa yawa yakan ɗauki damuwar yaro lamarin cikin gida. Uwa kuwa ta ce iskoki ne, ta nufi malam ko ƴan bori.

Daga 2019, ƴan gudun hijirar Zamfara, Sakkwato da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Runji, wadda Tibiri ke cikinta. Daga cikin yaransu akwai waɗanda suka ga kisa da idonsu.

A 2008 hukumar OMS ta fito da shirin mhGAP, domin koya wa likitan da ba ƙwararre ba gane ciwon taɓin hankali. Wajibi ne hukumomi su kai wannan horo har gidan likitan Jiratawa, domin ba kowace uwa ke da kuɗin motar Yamai ba.