KAFIN A ZARGI KAFIRETA, A DUBA TAIMIN
Jawabin 'yan uwa makanikai a taron wata na Sabo, Ibadan

 

An ce mu yi magana a kan mota, to za mu ɗauki ciwo guda da ke cin kuɗin jama'armu a banza, wato taimin.

Kwanan baya wani ɗan uwa ya kawo mana Peugeot 504 tasa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Da ita yake kai goro Arewa. Ya ce ba ta da ƙarfi a hawa, tana zafi kafin Ogbomosho, salansa na harbi kamar bindiga. Sau biyu aka wanke kafireta, aka sa ya sayi sabon lagireto, duk a banza. Goro kuwa, kun sani, ba ya son zama a hanya.

Me ake nufi da taimin? Wutar filogi ta zo daidai lokacin da fistin ya kusa kaiwa sama. In ta makara, mota ta yi sanyin jiki, ta sha mai, ta ɗauki zafi. In ta yi gaggawa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa, da safe kuma sitata ta yi nauyi kamar batir ya mutu.

Ga yadda muka yi. Muka cire filogi na ɗaya, muka toshe ramin da yatsa, yaro ya juya inji da hannu har iska ta turo yatsan. Muka daidaita alamar da ke jikin fule. Sannan muka buɗe murfin distiribita, mu ga ko rota na kallon wayar filogi na ɗaya. A nan ake yawan tuntuɓe, domin Peugeot daga baya take ƙirga silinda, wajen kulochi, ba daga gaba kamar Toyota ba. Jerin wutar kuwa 1, 3, 4, 2 ne. A wannan motar wayoyi daidai suke, sai dai kwantak ya cinye, noti ya saki, distiribita ta goce. Muka sa sabon kwantak, muka gyara tazararsa tukuna, don tazarar ma tana motsa taimin, sannan muka juya distiribita kaɗan kaɗan da fitilar taimin a hannu. Makanikin da ya ce kunnensa ya ishe shi, to, a gaishe shi, amma mu dai fitila muke sawa. Aikin bai kai awa guda ba.

Sai taimin na biyu, na bawul. 504 da sarƙa take aiki, amma motocin tokunbo da yawa bel ne. Bel in ya tsufa yakan tsallake haƙori, in ya tsinke kuwa, a injuna da dama fistin zai doki bawul ya lanƙwasa shi, sai sauke kan inji. Sababbin motoci ba su da distiribita, kwamfuta ke ba da wuta, saboda haka kada kowa ya bari a yi musu gwaje gwaje da hannu; a kai inda ake da na'urar dubawa.

Alhazanmu masu sayo mota daga Legas, don Allah kada ku amince da lambar da ke kan mita. Ku canza bel ɗin tun satin farko, ku rubuta kilomitar a jikin murfinsa, kafin ku ɗauki iyali ku kama hanyar Jebba da Sallah.

Mai tambaya ya same mu bayan addu'a.