Bar-ni-da-mugu: ƙurajen baya na samari da ƴammata

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci

 

Yau maganarmu bisa ƙurajen nan ce da ake kira bar-ni-da-mugu. Kowa ya san su ga huska. Amma suna hita ga baya, da kahwaɗu, da ƙirji. Na baya riga ke ɓoye su. Yaro ya kan yi shekara da su, uwa ba ta sani ba. Yarinya ta ji kunya, ta yi shiru, ta sayi man da ke ɓata jiki.

Mi ke kawo su?

Hwatar mutum tana da ƙananan ƙohohi inda gashi ke tsira. Ta nan maiƙon jiki ke hita. Baya ya hi hannu da ƙahwa yawan maiƙo. In yaro ya kai balaga, wajen shekara 12 zuwa 14, maiƙo shina ƙaruwa. Maiƙon ya haɗu da matacciyar hwata, ƙohwa ta toshe. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, su yi yawa ciki. Sai wurin ya kumbura, wani ya yi mugunya.

To, ku riƙe wannan. Ba sammu ba ne. Ba alamar lalata ba ce. Ba a ɗaukar su wajen cin tuwo ko wajen kwana tare. Ga yara da yawa, suna raguwa bayan shekara 20.

Mi ke ƙara su?

Zuhwa da ta daɗe cikin riga. Riga matsattsa ta lailan. Gugar kaya ko goyo bisa baya. Mai mai nauyi, kamar man kitso da ke gangarowa bisa wuya da baya. Sai man ƙara hasken hwata. Da yawa cikinsu suna da magani mai ƙarhi da ke kawo ƙuraje, shi sa hwata ta yi sirara. Ƴammata, ku bar shi.

Mi za a yi a gida?

1. In an dawo daga gona ko ƙwallo, a yi wanka da sabuni, a sake riga.
2. Wanka sau 1 ko sau 2 a yini ya isa. Kar a dirje baya da soso mai kaushi ko dutsi. Dirza tana tada ƙuraje.
3. A sa riga sakakka ta auduga. A wanke zanen kwana kowane sati.
4. Kar a matse, kar a soke da ƙaya, kar a tsaga da aska. Matsa ke barin baƙin tabo. Ga wasu tabon shina tasowa, shi yi tauri, ba ya ɓacewa.
5. Kar a shahwa toka, ko kanwa, ko ruwan batir. Suna ƙona hwata.

Akwai magani?

Akwai. A hwarmasi ana saida man da ake kira benzoyil feroksid. Ana shahwa kaɗan, sau 1 a yini. Shina kashe ƙwayoyin cuta, shi buɗe ƙohohi. Da hwari hwata ta kan bushe. Shina kuma koɗar da launin riga, sai a sa tsohuwa. Magani shina son haƙuri: sai sati 6 zuwa 8 ake ganin sauƙi. Wanda ya bari a kwana 10 ya zubda kuɗinshi.

Yaushe za a tahi likita?

In ƙurajen manya ne, masu ciwo, ko sun hwara barin tabo. In an yi wata 2 ana magani babu sauƙi. In akwai zazzaɓi. In ƙaiƙayi ya yi yawa da dare, mutanen gida duk suna susa: wannan ya hi kama da ƙazwa, maganinta dabam ne.

Lokotoro shina iya rubuta ƙwayar sha, wajen wata 3. Wasu ƙwayoyin suna cutar da ɗan da ke ciki. Saboda haka mace mai ciki ta hwaɗa tun kahin a rubuta mata. Kar ku sayi ƙwaya hannun masu talla a kasuwa. Ba su san awo ba, kuma maganinsu ya sha rana.

Iyaye, ga aikinku. Uwa ta duba bayan ɗiyarta, uba shi tambayi ɗanshi. Ban da dariya, ban da gori. Yaron da aka yi ma dariya ɓoyewa yake, tabo kuwa a ɓoye yake girma.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba. Allah shi ba mu lahiya. Amin.