Mai da Hankali: Horon Natsuwa da Iyakar Amfaninsa



Da yake nazarin harshe ne sana'ata, ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana. A wurin Bahaushe hankali abu ne mai motsi. Yakan tashi, yakan kwanta, yakan rabu biyu. Ana ɗauke shi, ana kuma jawo shi. In malami ya ce wa almajiri ya mai da hankali, a zahirin lafazi cewa ya yi ya komar da shi inda ya baro. Watau harshen da kansa ya yarda cewa hankali ba ya zama wuri ɗaya. To, horon da Turawa ke kira mindfulness a kan wannan komarwa aka gina shi. Asalin sunan kalmar sati ce ta harshen Pali, harshen tsofaffin littattafan addinin Buda, ma'anarta ta farko kuwa tunawa. T. W. Rhys Davids ne ya fassara ta haka a 1881.

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya ware wannan horo daga ibadun da ya taso a cikinsu, ya shigar da shi makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, domin masu ciwon da ya ƙi jin magani. Mako 8 ake yi, ana haɗuwa sau ɗaya a mako na kimanin awa biyu da rabi, sa'an nan kowa ya yi minti 45 a gida, kwana 6 cikin 7.

Mutum zai zauna ya lura da shigar numfashinsa da fitarsa. Kafin ya ƙirga goma, hankali ya tafi ga jarrabawa ko kuɗin haya. A nan sababbin shiga ke cewa sun kasa, alhali kuwa nan ne aikin yake: ka gane ya tafi, ka dawo da shi ba tare da zargin kai ba, ko sau ɗari ne. Da haka ake koyon ganin tunani a matsayin baƙo mai wucewa.

Shin yana magani? A 2000 John Teasdale da abokan aikinsa sun gwada wani nau'insa a kan waɗanda suka warke daga ciwon baƙin ciki mai tsanani. Cikin waɗanda ya taɓa kamawa sau uku ko fiye, ciwon ya dawo wa kashi 37 cikin 100 na masu horon, da kashi 66 na sauran. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga waɗanda ya kama sau biyu kawai ba a ga wani bambanci ba. Kuma, in an yi mini afuwa, akawun da aka riƙe wa albashi wata uku biyansa ya kamata a fara yi kafin a koya masa numfashi.

Gwajin da ya fi jan hankalina shi ne wanda aka buga sakamakonsa a 2022 a Birtaniya. An bi ɗalibai fiye da 8,000, 'yan shekara 11 zuwa 14, a makarantu 84. Waɗanda aka koya wa horon a aji ba su fi sauran lafiyar zuciya ba. Da aka duba, yawancinsu ba su yi aikin a gida ba.