A Ƙidaya Ƙuri'a, Dambe Ya Ragu a Majalisa

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk ranar da aka ba hammata iska a majalisa, sai abokan aikina su hau rediyo suna cewa rashin tarbiyya ne, a shirya wa 'yan majalisa taron bita. Na daɗe ina musun wannan magana, yau ma zan musa ta. Tun 1999 ake bitar nan, amma ba ta hana a yage wa Dino Melaye riga a zauren Majalisar Wakilai a 2010 ba, ba ta kuma hana a rotsa wa ɗan majalisa kai da sanda a Fatakwal a 2013 ba. Abin da ke haddasa dambe shi ne hana ƙidaya. Ko dai wani ɓangare ya fid da rai za a ƙidaya shi da gaskiya, ko kuma ya san in an ƙidaya zai sha kaye, sai ya tarwatsa zaman.

Mu koma Ibadan, shekarar 1962, domin a can komai ya fito fili. Jam'iyyar Action Group ta dare gida biyu tsakanin Awolowo da Firimiya Akintola. Gwamnan Jihar Yamma, Sir Adesoji Aderemi, ya sauke Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Da me ya dogara? Da wasiƙar da wakilai 66 cikin 124 suka sa wa hannu. A lura da kyau: sa hannu aka tattara a waje, ba a kaɗa ƙuri'a a zaure ba. Nan ɓarakar ta fara. Ran 25 ga Mayu majalisa ta zauna domin ƙuri'ar amincewa da sabon Firimiya, wato domin a yi ƙidayar da ya kamata a yi tun farko. Magoya bayan Akintola suka ta da hargitsi, kujeru suka tashi sama, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Aka sake zama a ranar, aka sake watsewa. Ran 29 ga wata majalisar tarayya ta amince da dokar ta-ɓaci, aka miƙa jihar ga Dokta Majekodunmi. Kotun Ƙoli ta ba Akintola gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ta ba Adegbenro a 1963, amma kafin nan Akintola ya riga ya koma kujera. Alƙalai a ƙasashe biyu suna ta faman amsa tambayar da akawun majalisa zai iya amsawa cikin rabin sa'a: wa ke da rinjaye? Inda abin ya ƙare kun sani: zaɓen 1965, ƙone-ƙone, sannan 15 ga Janairu 1966, wadda ta ci Akintola da Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ban ce rikicin Ibadan kaɗai ya kawo juyin mulki ba, amma ba mai ba da tarihin wannan rana ya tsallake shi.

To, me muka koya? A watan Maris na 2025 majalisun tarayya biyu suka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ta hanyar ƙuri'ar baki, alhali sashe na 305 na kundin tsarin mulki kashi biyu cikin uku na wakilai yake nema. Wane kunne ne ke iya auna kashi biyu cikin uku daga ihu? Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Za a ce ƙidaya na cin lokaci. Sanatoci 109 ne, wakilai 360; wannan ba hujja ba ce.

Sai dakatarwa, wadda ta zama bulalar masu rinjaye. An dakatar da Sanata Ali Ndume wata shida a 2017, kotu ta soke. An dakatar da Sanata Omo-Agege a 2018, kotu ta soke, ta tuna wa majalisa cewa dokokinta kwana 14 na zama suka yarda da shi. Duk da haka a 2025 aka yanke wa Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan wata shida. Waɗanda aka hukunta a nan mutanen mazaɓarta ta Kogi ta Tsakiya ne, da aka bari babu murya.

Shawarata ba ta sauya ba. Duk wani batu mai nauyi, na tsigewa, na kasafi, na dokar ta-ɓaci, a kira sunan kowa ya faɗi matsayinsa, a rubuta, a buga wa jama'a. Kakaki kuma ya ajiye katin jam'iyya ranar da aka zaɓe shi, kamar yadda ake yi a Ingila, domin alƙalin wasa ba ya busa usur sanye da rigar ƙungiya ɗaya. Dakatarwa kada ta wuce kwana 14, 'yan sanda su tsaya bakin ƙofa. Sashe na 60 na kundin tsarin mulki ya ba majalisun tarayya biyu ikon tsara dokokin zamansu, saboda haka yawancin wannan gyara ba ya jiran kowa.

Ku ɗalibai, in wakilinku ya zo gida, ku tambaye shi yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan dokar Ribas, ku ce ya nuna muku inda aka rubuta.